Nauyin Mai Juna Biyu a Makonnin Kirsimeti

Kafin a shiga wannan darasi muna roƙon katekist ko shugabar Zumunta ta sa a karanta Luka 1:39-56 da Farawa 35:16-20 a gaban jama'a, domin a kansu maganarmu za ta tsaya.

Ekklesiya uwa ce, ta kuma iya lissafin watanni irin na uwaye. Ranar 25 ga Maris muke bikin saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Budurwa Maryamu, ranar 25 ga Disamba kuma muke bikin haihuwar Ubangijinmu. Wanda ya ƙirga da yatsunsa zai sami wata tara cif. Ashe ke nan lokacin Adbent, wato makonnin jiran zuwan Ubangiji, watan ƙarshe ne na cikin Maryamu. Shi ya sa a Lahadi ta huɗu ta Adbent, ko wace shekara ce cikin shekaru uku na tsarin karatunmu, Bishara tana ajiye mace mai juna biyu a gabanmu: wata shekara Yusufu ne yake fama da labarin cikin, wata shekara mala'ika ne yake sanar da shi, wata shekara kuma Maryamu ce take gaisawa da Alisabatu, kowacce da nata cikin. A ƙasar Sifen ma, tun daga taron bishop-bishop da aka yi a Toledo a shekara ta 656, ranar 18 ga Disamba ta zama ranar Maryamu, daga baya aka riƙa kiranta bikin jiran haihuwarta.

Mu firistoci da muke zagaya ƙauyukan Ƙaraye da Rogo mun daɗe muna lura da wani abu. A cikin majami'a yara sun gyara komin dabbobi da ciyawa da karan dawa, an sa siffar Maryamu a wuri mai kyau, an kunna mata kyandir. A bayan majami'ar kuwa, tazarar da ba ta wuce jifa ba, ga wata mai cikin wata takwas ta sunkuya a kan turmi tun asuba, babu wanda ya ce mata ta zauna.

Wata shekara, a wani ƙauye da ba za mu ambaci sunansa ba, muna tsakiyar Misar dare sai wata yarinya mai cikin fari ta yanke jiki ta faɗi a sahun mawaƙa. Da aka fitar da ita waje aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, sai muka tambayi surukarta abin da yarinyar ta ci a ranar. Tsohuwar ta ce, "Wallahi Fada, tun kokon safe ban ga ta sa komai a baki ba, baƙi sun yi yawa." Muka ce, "To Inna, wa ya yi surfen, wa ya ɗebo ruwan?" Ta yi shiru. Mijin kuwa yana can yana kiɗa, sai da aka aika aka kira shi. Allah Ya kiyaye, ta sauka lafiya a watan Janairu. Amma akwai gidajen da muka shiga ranar 26 ga Disamba da littafin jana'iza a hannu, shinkafar biki tana nan a tukunya ba a ƙarasa ci ba.

Bari mu dubi yinin irin wannan mace da idon basira. A ƙasarmu Kirsimeti yana faɗowa a ƙarshen kaka. Masara ta shiga rumbu, dawa tana masussuka, ana fafe wake, masu rake suna sara ana dafa mazarƙwaila, waɗanda suke kusa da madatsar ruwa ta Challawa kuma, wadda aka gama ginawa a 1992, sun riga sun shiga dashen tumatur da albasa na noman rani. Matan gidajenmu tun zamanin kakanni manoma ne. Suna aikin gandu, suna da gayaunarsu, casa da shiƙa kuma nasu ne. A kan wannan sai a ɗora aikin biki: surfe, kai niƙa, ɗiban ruwa na ninkin abin da aka saba, itacen da zai dafa tukwane huɗu ko biyar, suyar waina da cincin, wankin kayan yara, yaɓen ɗaki, koyon waƙa da dare har ƙarfe goma cikin sanyin hunturu. 'Ya'yan gida da suke Kano da Kaduna da Abuja sun dawo da iyalansu, kuma baƙo ba ya shiga madafa. Wadda aikin yake faɗa wa ita ce amaryar gida, ƙaramar suruka, kuma sau da yawa ita ce mai ciki.

Akwai wani lissafi da ya kamata maza su sani. Matar da za ta haihu a ƙarshen Disamba ta ɗauki cikin ne wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Laulayinta ya zo cikin zafin bazara. Watanninta na tsakiya, lokacin da jariri yake jan jini da abinci sosai daga jikinta, sun faɗo daga Yuli zuwa Oktoba, wato daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi tsanani, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kai maƙura. Zazzaɓin nan yana fasa ƙwayoyin jini, yana kuma taruwa a mabiyiya ya rage abin da yake isa ga jariri, ko da uwar ba ta kwanta ba. Saboda haka mace tana iya isowa Kirsimeti tana tafiya da ƙafarta, tana dariya, alhali jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Irin wannan idan ta zubar da jinin da wata za ta iya jurewa a wajen haihuwa, ita ba za ta jure ba. A duba cikin fatar idonta da tafin hannunta: idan sun yi fari fat, idan tana haki daga rijiya zuwa gida, to ba lalaci ba ne.

Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2025 ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, a ƙasa guda. Ba sabon labari ba ne a wannan yanki. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, suka ga cewa matan da aka kawo a gurguje ba tare da sun taɓa zuwa awo ba sun fi mutuwa nesa ba kusa ba a kan waɗanda suka yi awo. Shekara hamsin ke nan ba kaɗan, darasin bai canja ba.

Yanzu mu koma ga Littafi Mai Tsarki. Mata biyu masu tsohon ciki ne Nassi ya nuna mana a kan hanyar Baitalami. Ta biyun kowa ya san ta. Ta farkon ita ce Rahila matar Yakubu. Farawa 35 ya ba da labari cewa iyalin sun taso daga Betel, saura 'yar tafiya su kai Efrata, wato Baitalami, sai naƙuda ta kama ta, ta yi tsanani. Ungozoma ta ƙarfafa ta da albishirin ɗa namiji, amma ran Rahila yana fita. Ta raɗa wa yaron suna na baƙin ciki, uban ya sāke masa suna Biliyaminu, aka binne ta a bakin hanya. Abin da yake taɓa zuciya shi ne, surori biyu kafin wannan, a Farawa 33:13-14, Yakubun nan ne ya ƙi yin sauri tare da ɗan'uwansa Isuwa, yana cewa yara ba su da ƙarfi, tumaki da shanu masu shayarwa kuma idan aka matsa musu yini ɗaya za su mutu. Nassi bai ɗora wa Yakubu laifin mutuwar Rahila ba, mu ma ba za mu ɗora masa ba. Sai dai kowane makiyayi a Rogo ya san ba a kora tunkiya mai ciki da gudu, ba a ɗora wa jaka mai ciki buhu biyu. Annabi Ishaya (40:11), a karatun da muke ji cikin Adbent, ya kwatanta Allah kansa da makiyayi mai bi da masu goyo a hankali. Abin kunya ne a ce dabba ta sami wannan rangwame a gidan Kirista, matar gida ba ta samu ba.

Maryamu ta yi tafiyar da ta kai kilomita 140 ko fiye daga Nazarat zuwa Baitalami, kusan kamar daga Kano zuwa Zariya. Jakin da muke zanawa a hoto Luka bai ambace shi ba. Amma umarnin Kaisar Augustas ne ya tilasta wannan tafiya, ba ziyarar biki ba ce. Kada wani ya kafa hujja da ita ya ɗora mai cikin wata tara a bayan babur, a bi hanyar burji mai ramuka, don kawai a ce an yi Kirsimeti a gidan kaka. Al'adar goyon ciki, inda mai cikin fari take komawa gidan iyayenta ta haihu, tana da hikima, domin yarinya ta fi sakewa a gaban uwarta. Idan za a yi, a yi tun cikin yana wata bakwai, a tafi da katin awo, a kuma tambayi abu ɗaya tun kafin a tashi: daga gidan iyayen zuwa asibitin da ake iya ƙarin jini da fiɗa, tafiyar minti nawa ce da dare? Idan gidan miji ya fi kusa, uwa ta zo wurin 'yarta. Maryamu ce ta tafi wurin Alisabatu, ba a ce tsohuwa mai cikin wata shida ta hau duwatsu ba.

Luka ya ce Maryamu ta zauna da Alisabatu wajen wata uku, wato har watan haihuwar ya kama. Bishara ba ta faɗi abin da ta yi a watannin nan ba, amma duk wadda ta taɓa zama da mai tsohon ciki ta sani: ruwa, wuta, niƙa, shara. A nan muke kira ga Zumuntar Mata Katolika. Kun iya tara kuɗin anko, kun iya shirya waƙa da rawa da babu kamarsu a duk yankin. Ku ƙara abu ɗaya a taronku na farkon Adbent: ku ƙirga masu juna biyu na majami'arku, ku raba su a tsakaninku, kowacce ta sami wadda za ta karɓe mata turmi da tulu daga yanzu har bayan suna. Ku kuma iyayen miji, mun san maganar da ake yi, cewa mu a zamaninmu a gona muka haihu muka ɗauro itace muka dawo. Gaskiya ne, Inna, kin yi. Amma ki tuna da sa'o'inki da aka yi aure tare, ki ƙirga nawa ne ba su tashi daga gadon jego ba. Waɗanda suka rayu ne kaɗai suke ba da labari.

Kunya ado ce ga 'ya mace, ba mu ce a yar da ita ba. Amma kunyar cikin fari da take sa yarinya ta ɓoye ciki har wata shida, ta ɓoye naƙuda ta shige ɗaki ita kaɗai tana cije leɓe don kada a ce ba ta da dauriya, wannan ta kashe mata da yawa, ta bar waɗansu da yoyon fitsari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alisabatu da Maryamu sun yi maganar cikinsu a fili, da murya mai ƙarfi, Ruhu Mai Tsarki kuma yana tsakaninsu.

Sai maza. A cikin Bishara duka ba a rubuta kalma ko ɗaya daga bakin Yusufu ba. Abin da Matiyu yake maimaitawa shi ne ya farka, ya tashi, ya ɗauki uwa da ɗa. Masana lafiya tun 1994 suna maganar jinkiri uku da suke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun yana wuyan hukuma, muna kuma da hakkin yin magana a kansa. Na farko da na biyu suna hannun maigida. Disamba ne watan da manomi yake da kuɗi a hannu, shi ne kuma watan da kuɗin yake ƙarewa da sauri: atamfa, ɗinki, takalman yara, akuya, buhun shinkafa, abin sha. Shawararmu ita ce, ranar da aka sayar da amfanin gona, kafin a taka ƙofar tela, a ware rabon mai ciki a ba wanda ba zai taɓa shi ba. A yi magana da mai mota ko mai a-daidaita-sahu tun yanzu, a karɓi lambarsa, a san ko zai fito da tsakar dare. Sau da yawa maƙwabcinmu Musulmi ne, wanda muke aika wa da abincin Kirsimeti yake aiko mana da naman Sallah, kuma mun ga irinsu sun tashi cikin sanyi ba su tambayi ko sisi ba sai da gari ya waye. A nemi 'yan'uwa biyu ko uku da suka yarda su ba da jini. Kuma maigida ya faɗa a gaban uwarsa da ƙannensa cewa ko ba ya nan, ko yana kasuwa ko yana wurin biki a wani ƙauye, an ba da izini a tafi da ita. Ekklesiya ba ta hana ƙarin jini ba, ba ta hana fiɗa don a ciro jariri ba. Matar da aka yi wa fiɗa ta haihu, cikakkiyar uwa ce.

A tuna kuma ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu ranakun hutu ne na gwamnati, ma'aikata sukan ragu, ranar awo tana iya faɗawa cikin hutu. A je awo a makon da ya gabaci biki, a gwada jini da hawan jini da kwanciyar jariri, a karɓi magani isasshe. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas a cikin ciki guda, na farko cikin wata uku na fari. Ƙwayar ƙarin jini ta kullum ce, ba a hutun Kirsimeti da ita. Maganin rigakafin zazzaɓi da aka fi sani da Fansidar ana farawa bayan wata uku, a riƙa sha wata-wata a wurin awo, aƙalla sau uku. Gidan sauro kuma kada a naɗe shi don an ga sanyi. A bakin fadama da madatsar ruwa sauro ba ya ƙarewa.

Game da abinci, a gidajenmu an saba maza da baƙi su fara, mai dafawa ta ci abin da ya rage a gindin tukunya. A wannan biki a juya tsarin: a fara zuba wa mai ciki, da tsoka ta gaske. Wake, gyaɗa, zogale, kifi da ƙwai duk suna gina jini da jiki, camfin da yake cewa ƙwai yana lalata ɗa kuwa ba shi da tushe. Shayi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, a jinkirta shi. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun danganta ciwon zuciyar da yake kama masu jego da kunun kanwa da gashin jego. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye, mai ɗauke da sunan garinmu, ya jagoranta a asibitocin Nijeriya, aka buga a 2020, ya fi nuna yatsa ga rama, talauci, rashin karatu da hawan jinin ciki. Wato maganar ta sake dawowa kan kwanon abinci da awo. Duk da haka kanwa gishiri ce, mai kumburi ko hawan jini ta nisance ta. Burkutu da sauran giya kuwa, abin da uwa ta sha yana isa ga jariri, kuma babu wani ma'auni da likitoci suka ce ba shi da haɗari. Wanda ya miƙa wa mai ciki ƙwarya don zumunci bai yi mata zumunci ba. Haka nan kaskon garwashi a ɗaki rufe ruf saboda sanyi: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kuma iya kashe mai barci.

Waɗansu mata suna tsoron zunubi idan ba su zo Misar dare ba. Bari mu warware wannan. Kirsimeti rana ce ta wajibi, amma Katekizim na Ekklesiya Katolika (lamba 2181) ya bayyana cewa dalili mai nauyi, kamar rashin lafiya ko kula da jarirai, yana ɗauke wajibin. Mai tsohon ciki da take nesa, ko mai jiri da kumburi, ta zo Misar safe idan za ta iya. Idan ba za ta iya ba ta yi addu'a a gida, a sanar da mu, mu kai mata Jibi Mai Tsarki. Azumin da ake yi kafin karɓar Jibi sa'a ɗaya ne kacal, ruwa da magani kuma ba sa karya shi (Dokar Ekklesiya 919), saboda haka babu dalilin wuni da yunwa. Ƙa'idar Misa ta yarda wanda lafiya ta hana shi durƙuso kada ya durƙusa. Masu tsaron ƙofa su keɓe benci kusa da ƙofa inda iska take shiga, samari su tashi.

Akwai alamomin da idan aka gani ba a jiran gari ya waye, ba a jiran a gama Misa, ba a jiran a sallami baƙi: zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba naƙuda, jariri ya daina motsi, ko naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu. Jijjiga ba iska ba ce, hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, akwai kuma allurarta a asibiti. A kwantar da ita a gefenta, kada a ɗura mata komai, a tafi. Addu'a a yi ta a cikin mota. Ungozomomin gargajiya muna girmama su, kamar yadda Fitowa 1 ya girmama Shifra da Fu'a masu tsoron Allah. Babban aikin ungozoma mai tsoron Allah a yau shi ne ta san lokacin da za ta ce wannan ya fi ƙarfina, ta kuma ajiye aska, domin yankan gishiri ba ya buɗe hanyar da ƙashi ya tsare.

Idan aka haihu jariri yana cikin haɗarin mutuwa, firist ko katekist kuma ba ya kusa, kowa yana iya yi masa baftisma: a zuba ruwa a kansa sau uku ana kiran sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da niyyar yin abin da Ekklesiya take yi, daga baya a sanar da Fada domin a rubuta.

Littafin Albarku na Ekklesiya, wanda aka fitar a 1984, yana da addu'a ta musamman domin mace kafin haihuwa. Muna ba da shawara kowace majami'a ta roƙi a yi ta a Lahadi ta huɗu ta Adbent, bayan Bishara ta riga ta sa mai juna biyu a gaban jama'a. Wadda kunya ba za ta bar ta ta fito gaba ba, ta tsaya bayan an tashi, ko mu same ta a gida. Mijin ya tsaya a gefenta. Bayan albarka katekist zai ja shi gefe ya tambaye shi sunan mai motar da ya yi magana da shi, da wurin wanda aka ajiye kuɗin.